Randa Mai Zufa da Yarinya Mai Baka

Ɗiyar wana ta zo mini hutu, waya cike da littattafai, baki cike da gardama. Shekarunta 16. Daren farko, an ɗauke wuta muna shan iska a tsakar gida, ta ce, "Gwaggo, don Allah tsakanin Katniss da Tris wa ta fi ƙarfi?" Na ce wane irin ƙarfi take nufi. Ta yi mini kallon da ake yi wa wanda ya tambayi wane irin gishiri ake sa wa miya. "Ƙarfi mana, Gwaggo. Jarumta." Ita ta riga ta yanke hukuncinta tun a mota, mai sa hannu kawai take nema. Tris ce gwanarta. Tris tana dira daga jirgin ƙasa yana cikin tafiya, ita ce ta fara faɗawa daga saman bene cikin ramin da ba ta san abin da ke ƙasansa ba, ta koyi dambe da harbi cikin 'yan makonni. Katniss kuwa, in ji ta, rabin littafi na uku a gadon asibiti ta yi shi, sauran rabin tana ɓuya a ɗakin ajiyar kaya. "Wannan ce jaruma?"

Ga wanda bai san 'yan matan nan biyu ba, a cikin littafi suke zaune, irin littafin da nake kira labarin baƙar gobe. Marubuci ya hango wani zamani mai zuwa da duniya ta rushe aka sake gina ta a karkace, masu mulki suka damƙe abinci da tsoro a hannu ɗaya, sannan ya jefa matashi a ciki ya ga yadda zai yi. Katniss Everdeen ita ce tauraruwar The Hunger Games na Suzanne Collins, wanda ya fito a Amurka a 2008, na biyu ya biyo a 2009, na uku a 2010. Sunan ƙasarta Panem, an gina ta a kan kufan Amurka ta Arewa. Gundumomi 12 ke yi wa babban birni bauta, kuma kowace shekara kowace gunduma sai ta ba da yaro ɗaya da yarinya ɗaya 'yan tsakanin shekara 12 da 18, a zuba su 24 a fage guda su kashe juna ana nunawa a talabijin, har saura ɗaya. Tris Prior kuma ta Divergent ce, littafin Veronica Roth na 2011, a birnin Shikago da aka kewaye da shinge aka raba mutanensa rukuni 5 bisa hali: masu sadaukarwa, masu son zaman lafiya, masu faɗin gaskiya, masu ilimi, da marasa tsoro. Wanda duk ya kai 16 sai ya zaɓi inda zai ƙare rayuwarsa. Su biyun shekarunsu 16 a farkon labari, sa'o'in ɗiyar wana ke nan, shi ya sa abin ya zame mata kamar rigimar ƙawaye.

Ban ba ta amsa a daren ba. Da rana ta yi na aike ta ta ɗebo mini ruwan sha, sai na ga ta tsallake jarkoki biyu da ke bakin famfo ta nufi randa, ba tare da ta tsaya tunani ba. A nan na kama bakin zaren.

Ina yarinya, in randarmu ta fashe, ni Inna ke ɗauka zuwa kasuwa in riƙe mata gammo. Masu tukwane kullum a bayan kasuwa suke, sun jera kaya a kan ciyawa, ni kuma idona yana kan wadda ta fi ja da sheƙi, mai zane a wuya kamar an yi mata lalle. Inna ko kallon zanen ba ta yi. Sai ta durƙusa, ta ɗan karkata randar, ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinta, ta kai kunne. Ta juya ta, ta sake bugun wani gefen. Wadda ta gasu sosai kuma ba ta da tsaga, ƙararta tas take fita, tana ɗan jan amo. Mai ɓoyayyar tsaga kuwa, ko wadda wuta ba ta ratsa ba, sai ka ji buf, kamar ka bugi kabewa. Sau da yawa mai zanen nan tawa ce ke yin buf. Wata rana muka kawo sabuwa gida aka cika ta, da yamma na ga jikinta ya jiƙe, ƙasar da take kai ta yi danshi, na ruga na ce wa Inna an cuce mu, randar yoyo take yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce zufa take yi, kuma wadda ba ta zufa ba ta sanyaya ruwa. Sai da na girma na gane dalilin. Gasasshen yumɓu yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa kaɗan yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, bushewar nan kuma ita ke janye zafi daga ruwan da ke ciki. Kullum randa tana asarar wani abu daga cikinta, da asarar take biyan sanyin da muke sha. Jarkar roba ko ɗigo ba ta asara. Ka jefo ta daga kan amalanke ba za ta fashe ba. Amma ruwanta da rana tsaka kamar an sauke daga murhu, ga warin roba.

Bakan da ke hannun Katniss a hoton tallan fim zanen wuyan randa ne, shi ake nuna wa mai saye daga nesa. Kuma ya yi kasuwa. Fim ɗin farko ya fito a 2012, Jennifer Lawrence ta fito a Katniss, a shekarun nan kuwa shagunan littattafai suka cika da 'yan mata masu makami a lalatattun birane. Masu buga littafi 'yan kasuwa ne kamar kowa: in mai ƙosai ta yi ciniki a wata kwana, kafin mako kasko uku sun bayyana a wurin. Da yawan waɗanda suka biyo baya zanen suka kwaikwaya, gashin ya gagare su. Har wata marubuciya 'yar Ingila, Sophia McDougall, ta yi rubutu a mujallar New Statesman a 2013 tana cewa ta gaji da abin da ake kira tauraruwa mai ƙarfi. Hujjarta ita ce, ana barin tauraro namiji irin Sherlock Holmes ya zama mai basira, mai girman kai, mai shaye-shaye, mai baƙin ciki, duk a jiki ɗaya, mace kuwa a ba ta kalma guda a ce ta wadatu. Ina tare da ita. Kalmar ta zama kamar "yarinyar kirki" a bakin masu neman aure, kowa yana faɗa, ba ta gaya maka komai game da yarinyar.

In zan ƙwanƙwasa tauraruwa, shafukan farko nake komawa, kafin a busa ƙaho, in ga me take ɗauke da shi ranar da babu mai kallo. A nan Katniss ke ba da amo. Mahaifinta ya mutu a fashewar ramin haƙar kwal tana da shekara 11. Uwar ta zauna ta zuba wa bango ido, ta daina dafawa, ta daina magana. Ɗan kuɗin da hukuma ta ba su na wata ɗaya ne. Yarinyar ta san in aka gane uwarsu ta kasa, za a kwashe ta da ƙanwarta Prim a kai gidan marayu, saboda haka ta shiga sayen cefane, tana dafa abin da ta iya, tana gyara kansu su fita tsaf don kada kowa ya lura. Da kuɗi suka ƙare ta kai tsofaffin kayan jarirai kasuwa cikin ruwan sama, babu mai saye, ta koma leƙa kwandon sharar masu shago. Ɗan mai gidan burodi, Peeta, ya ƙona burodi biyu, ya sha mari a hannun uwarsa, ya jefo mata. Bayan haka ne ta tuna abin da uban ya koya mata, ta fara ratsa shingen gunduma tana shiga daji da bakan da ya ɓoye. Wato bakan nan kayan girki ne kafin ya zama makami, ɗan'uwan muciya da turmi. Ko sunanta ma na wata saiwar bakin ruwa ce da ake haƙowa a ci. Kuma Collins ba ta yi mata kwalliya ba. Ta daɗe ba ta yafe wa uwar ba. Ɗan kyanwar da Prim ta tsinto, wanda ya girma ya zama mummunan muzurun nan Buttercup, Katniss ta taɓa ƙoƙarin nutsar da shi a bokiti, don a lissafinta ƙarin baki ne a gidan da babu.

Akwai wani lissafi a littafin da masu kallon fim kan wuce. A Panem hukuma tana ba talaka wani irin bashi: ɗan hatsi da mai na mutum ɗaya na shekara, a madadin a ƙara jefa sunan yaro sau ɗaya cikin ƙuri'ar masu zuwa fagen mutuwa. Sunayen kuma ba sa gogewa, taruwa suke yi shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya ci bashin buhun gero a tsakiyar damina don ya biya da ƙari in kaka ta yi, ya san irin wannan ciniki, sai dai a nan wuyan yaro ne jingina. Tun tana 12 Katniss ke karɓa wa baki uku, ita da uwa da ƙanwa. Kowace shekara suna huɗu ke nan, da nata na dole. Ranar da labari ya fara sunanta 20 ne a cikin ƙwaryar, na Prim ɗaya tak, don ta hana ta karɓar ko tsaba. Aka sa hannu aka zaro ɗayan nan. Da Katniss ta yi tsalle ta ce a ɗauke ta a madadin ƙanwarta, mutanen babban birni sun ga jarumtar minti ɗaya. Mai karatun da ya yi lissafi ya san ta shekara da shekaru tana miƙa wuyanta a madadin na Prim, kaɗan-kaɗan, a kan mudun hatsi.

Wace unguwa ce ba ta da irin wannan yarinya? Uba ya rasu, uwa ta shiga takaba, kwanaki suka cika ta fita a ido amma zuciyar ba ta fito ba. 'Yar fari mai shekara 12 ta san farashin mudun masara, ta san mai shagon da ke ba da bashi da wanda zai tozarta ta a gaban mutane, tana wanke wa ƙanne kayan makaranta da dare don kada malamai su gane halin da ake ciki. Babu mai ɗaukar ta hoto. In ka tambayi 'yan unguwa wace yarinya ce jaruma, mai faɗa a bakin famfo za su nuna maka.

Ko a cikin fagen kisan, wurin da na fi jin amon Katniss babu kibiya a ciki. A kwanakin farko ƙishirwa ta kusa kashe ta. Tana tafe tana faɗuwa, har ta kife a cikin laka, ta gane ruwa na kusa. Ta isa kududdufin, ta cika gora, ta ɗiga maganin tsabtace ruwa, sannan ta zauna ta jira rabin sa'a kafin ta kai baki, ta kuma sha a hankali. Wanda ya yi azumin bazara, ya zauna da kofin ruwan randa a gabansa ana saura minti goma a kira sallah, shi zai gaya maka nauyin rabin sa'ar nan. Haka kuma yadda ta karya 'ya'yan gundumomi masu gata, waɗanda aka ciyar aka horar don wannan wasa tun suna ƙanana. Ta lura sun tara abinci wuri ɗaya sun binne nakiyoyi kewaye da shi. Ta harbi buhun tuffa da ke rataye, 'ya'yan itacen suka zubo a kan nakiyoyin, komai ya tashi. Dabarar daga gidansu ta zo da ita: ta san ɗan ƙoshi bai iya yunwa ba, ita kuwa yunwa tsohuwar maƙwabciyarta ce. Ƙarar fashewar ta kashe mata kunnen hagu.

Sai maganar zufa, wadda ita ce ainihin inda muka saɓa da ɗiyar wana. Akwai wata yarinya 'yar shekara 12 daga gunduma ta 11, Rue, da suka haɗa kai a fagen. Aka soke ta da mashi a gaban Katniss. Katniss ta kashe wanda ya soke ta nan take, amma marubuciyar ba ta daɗe a kan kisan ba, a kan abin da ya biyo baya ta tsaya: ta riƙe yarinyar, ta yi mata waƙa har rai ya fita, ta tsinko furanni ta lulluɓe gawar, tana sane duk ƙasa na kallo. Washegari jikinta ya yi nauyi har sai da ta riƙa ba kanta umarni kamar ƙaramin yaro, tashi zaune, sha ruwa. Da aka gama wasa, likitocin babban birni suka gyara mata kunnen, suka goge duk wani tabo da ke jikinta, har da tsofaffin da ta samo a daji, suka miƙa ta ga masu kallo sumul kamar sabuwar jarka. Abin da suka kasa gogewa shi ne mafarkin da ke tashin ta da ihu. Collins ta san wannan daga gida. Mahaifinta hafsan sojan sama ne, an tura shi Biyetnam a 1968 tana da shekara 6, ya dawo da munanan mafarkai. Ta kuma faɗa cewa labarin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin tsakanin gasar nishaɗi da hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata.

To, yarinyar da aka jefa fagen kisa sau biyu kafin ta cika 18, aka ƙone garinsu da bama-bamai, aka kama yaron da ya ba ta burodi aka azabtar da shi har ya koma yana neman shaƙe ta, in ta fito a littafi na uku tana gyara gashi tana ba da umarni, ni zan mayar wa mai shago da littafinsa. Ɓuyan nan a ɗakin ajiya shi ne danshin da ke ƙarƙashin randa, shaida ce cewa akwai ruwa a ciki kuma yana ratsa jiki. Kusa da ƙarshe, bayan bam ya kashe Prim ɗin da aka yi duk wannan wahala dominta, Katniss ta koma kufan garinsu ta zauna a kujera, ba wanka ba magana, kamar yadda uwarta ta taɓa yi. Sai ga muzurun nan ya taho da ƙafa tun daga wata gunduma mai nisa yana neman uwar ɗakinsa. Ta yi masa ihu cewa Prim ta mutu, ta jefe shi da matashin kai, ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa. Da gari ya waye ta wanke masa raunuka, ta cire masa ƙaya a ƙafa, ta kira uwarta a waya suka yi kuka tare, ta ba shi naman karin kumallonta. Dabbar da ta so nutsarwa don ƙarin baki ce.

Kada in zalunci Tris. Roth ma ta bar ta ta yi zufa: bayan ta harbe abokinta Will, wanda aka juya wa hankali da allura ya zo kashe ta, a littafi na biyu hannunta ya riƙa ƙin riƙe bindiga. Kuma wurin da ta fi ba da amo a littafin farko shi ne inda aka tsayar da wani yaro, Al, a gaban allo za a riƙa jifan wuƙaƙe kusa da kansa, ta ce a bar shi ita za ta tsaya. Tarbiyyar gidansu na masu sadaukarwa ce ta yi magana a nan, gidan da ta gudo daga cikinsa ta koma cikin marasa tsoro. Abin da ya rage mata nauyi a sikelina shi ne, yawancin wahalarta ta farko jarrabawa ce da wasu suka shirya, da allon sakamako, da na ɗaya da na goma, ana gamawa a tafi ɗakin cin abinci a tarar an dafa. Babu wanda zai kwana da yunwa in ta makara. Amma ɗiyar wana ta kawo hujjar da ta sa na yi shiru. Ta ce, "Gwaggo, Katniss tura ta aka yi. Tris ita ta zaɓa. Ta yanki hannunta ta ɗiga jini a kan garwashi a gaban babanta, ta san ba za ta koma gida ba." Gaskiya ne. Ga yarinyar da aka raina a kan ta sunkuyar da kai, ko madubi ba a barin ta ta kalla sai jefi-jefi, ta tashi a bainar jama'a ta ce ga abin da nake so, ba ƙaramin abu ba ne. Kuma na san dalilin da ya sa wannan ya taɓa mai shekara 16 da ake shirin zaɓa mata abin da za ta karanta a jami'a.

Hujjar tata ta tona ramin da ke cikin ma'aunina. Randa ba ta magana. Tana zaune a lungu, a cika ta, a kwashe, a sake cikawa, har ranar da za ta fashe a sayo wata. In na tsaya a kan randa kaɗai, na koma cikin masu cewa mace ta gari ita ce mai haƙuri, a ɗora mata kaya a yaba mata, don yabo ya fi arha a kan a rage mata kayan. Mun iya wannan ƙwarai. "Ki yi haƙuri" ta rufe bakin 'yan mata da yawa da ya kamata a saurara. Saboda haka dole na koma kasuwa, don Inna ba ƙwanƙwasa kaɗai ta iya ba. In ta gama zaɓe ta taya, mai tukwane ya ce albarka, sai ta miƙe ta kama hannuna mu juya. Ba ta waiwaye. Ta san rana ta yi sanyi, ta san mutumin ba ya son sake ɗora randa a jaki ya koma da ita ƙauye. Taku goma ba ma yi sai a kira mu.

Abin da Katniss ta yi ke nan a ƙarshen littafin farko. Masu shirya wasa sun sanar cewa mutum biyu daga gunduma ɗaya za su iya yin nasara tare, da ya rage ita da Peeta, yaron gundumarsu, sai suka janye maganar, suka ce ɗaya ya kashe ɗaya. Ta ciro 'ya'yan itace masu dafi, ta raba musu, suka kai baki tare. Ta gane abin da mai kaya ba zai iya komawa gida da shi ba: wasan da babu gwani. Kafin su haɗiye aka yi shelar cewa su biyun sun ci. Haka a ƙarshen na uku. 'Yan tawaye sun yi nasara, shugabarsu Coin ta kawo shawarar a yi wasan kisa na ƙarshe da 'ya'yan manyan babban birni. Katniss ta amsa da baki, har yau masu karatu na gardama ko da gaske take ko tarko ta ɗana. Aka ba ta kibiya ɗaya ta kashe tsohon shugaba Snow da ke ɗaure, ta ɗaga baka ta harbi Coin. Ta ga sabuwar mai awo da tsohon mudu za ta ci gaba.

Wannan rabuwa tsakanin mai takobi da mai sanin lokacin ƙi, Nnedi Okorafor, 'yar asalin ƙasar Ibo haifaffiyar Amurka, ta sa ta a jikin mutum biyu a The Shadow Speaker na 2007, labarin da ke faruwa a Nijar a shekarar 2070. Akwai Sarauniya Jaa mai takobi, wadda ta sare kan mahaifin Ejii a gabanta tana ƙarama, akwai kuma Ejii ɗin, da ta girma ta bi wannan mata a tafiya domin a hana yaƙi. Mai zanen wuya Jaa ce, amma labarin na Ejii ne. Na sa ɗiyar wana ta neme shi.

Daren da za ta koma na ba ta labarin da ban taɓa ba ta ba. Lokacin da Baba ya rasu mu biyar ya bari, Yaya ce babba, shekarunta 17. Inna na cikin takaba sai wani ɗan'uwan Baba ya zo daga garinsu ya ce zai rage mana nauyi, zai tafi da autarmu riƙo. Kowa ya san ma'anar riƙon: talla, da bankwana da makaranta. Inna ba ta da bakin musu da dangin miji a wannan hali, kuka kawai take yi a ɗaki. Yaya ba ta ce uffan ba. Ta kai masa ruwa, ta koma ciki. Can sai ga ta tana fito da ƙullin kaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a zaure, har biyar, ta sa muka tsaya a bayansu. Ta durƙusa ta ce, "Baffa, mun shirya. In za a tafi da ita, mu biyar za a tafi da mu." Ta san hannu biyu ya zo nema, bai zo neman baki biyar ba. Ya dubi kayan, ya dube mu, ya shanye ruwansa, ya ce zai sake shawara. Bai sake tayar da maganar ba. Da dare na ji Yaya tana amai a bayan gida, jikinta na rawa, sai da Inna ta fito ta riƙe ta.

Ɗiyar wana ta zaro ido. "Gwaggo Babba? Wadda ko kaza ba ta iya kora?" Na ce ita fa. Ta yi shiru, sannan ta ce duk da haka in aka haɗa su faɗa hannu da hannu, Tris za ta kayar da Katniss. Na ce mai yiwuwa ne, ba ni da ja.

Da safe na raka ta tasha. Ta shiga mota ta zauna, sai ta leƙo ta taga ta ce in ta isa za ta je gidan Gwaggo Babba ta tambaye ta abu ɗaya: ƙullin nan biyar, da gaske kayanmu ne a ciki, ko tsummoki ta cusa? Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tuna nawa ƙullin Yaya ce ta shigar da shi ɗaki da kanta, kuma ban ga lokacin da ta kwance shi ba.